Makullin kyamarar shagona yana hannun wa?

Alhaji Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya hana ni barci jiya na kawo maku. Shekara biyu ke nan da aka ɗaura mani kyamarori huɗu a shagona na Babbar Kasuwa, ko ina gida ina kallon komai ta waya. Akwai yaron da na sallama tun kafin azumi, mun rabu lafiya, na ba shi haƙƙinsa. Jiya muka haɗu wajen ɗaurin aure a Ƙofar Ƙaura, muna gaisawa sai ya ce, "Alhaji, na ga an mayar da teburin kuɗi bayan ƙofa." Ranar Laraba aka matsar da teburin nan, kuma yaron bai taka shagon ba. Da na matsa mashi sai ya ciro waya yana dariya, ga shagona nan tar, ga ɗana yana auna yadi. Yaya zan yi in fitar da shi?

Ɗan Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam. Alhaji ai ka gode wa Allah yaron mai surutu ne. Da mai shiru ne, har ranar da kake ƙirga cinikin sallah yana tayaka ƙirgawa.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Ni a falona da ɗakin yara aka sa mani. Alhaji wace iri ce taka?

'Yar Daura: Baba Alhaji, ina wuni. Tambaya biyu kafin a ce komai. Wa ya sa wa yaron manhajar a wayarsa? Kuma da aka buɗe asusun kyamarar, da lambar wayar wa ko imel ɗin wa aka buɗe?

Alhaji Mai Atamfa: Lafiya lau 'yata. Ni na ce a sa mashi, lokacin da zan tafi Umara, don ya riƙa lura. Da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya muke shiga, ni da shi da ɗana da ƙanena da ke Funtua. Imel kuwa ni ban da shi. Wanda ya yi aikin shi ya buɗe komai, ya rubuta mani lambar a bayan rasit.

'Yar Daura: To Baba, yaron bai fasa maka ƙofa ba, makullin da ka ba shi ne bai dawo da shi ba. Kuma babban makullin ma ba a hannunka yake ba, yana hannun mai imel ɗin. A wurin kamfanin da ya ƙera kyamarar, shi ne mai shagon, kai baƙo ne da aka ara wa kallo. Kyamara ba ta san fuska ba, ba ta san wa ya biya kuɗinta ba. Duk wanda ya kawo suna da lambar da ta sani, shi ne Alhaji a wurinta.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Na san yanzu za a juyo kanmu. Ba ni na yi aikin Alhaji ba, amma zan kare 'yan sana'armu. Hajiya Injiniya, ke a ofis kike, mu muke hawa tsani. Ka gama aiki ka ce wa mutum ya sa kalmar sirrinsa, ya ce "kai dai sa mani." Ka sa mai wuya, bayan sati biyu ya canza waya, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya kira ka ya manta. In ka ce ba ka da ita, sai ya ce aikinka bai yi ba, ya hana ka cikon kuɗi. Shi ya sa muke buɗewa da imel ɗinmu mu riƙe. Ni yanzu a wayar nan akwai kyamarorin gidaje da shaguna sun fi 40, wallahi ban taɓa buɗe ɗaya don kallo ba.

Maman 'Yan Biyu: Sun fi 40?! Malam har da na cikin gidaje?

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Hajiya amana ce. Tela ma ya san awon kowa.

Maman 'Yan Biyu: Tela bai ganina ba ɗankwali.

Malam Mai Lissafi: Ni ban zargi amanarka ba, ƙanena, amma wayar taka nake ji. In aka fizge ta a Ƙofar Guga fa? Ɓarawo ya tashi da gida 40 a aljihu. An taɓa yin irin wannan a babban mataki. A watan Maris na 2021 masu kutse suka samu suna da kalmar sirrin wani babban asusu na kamfanin Verkada a Amurka, suka leƙa kyamarori kusan 150,000, har da na asibitoci da gidajen yari da makarantu. Asusu ɗaya tak. Kafin nan, a 2013, an kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga manyan shagunan Target, kuma da shaidar shiga ta wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri aka fara kutsawa. Shi ma ɗan kwangilar bai ci amanar kowa ba, ta hannunsa dai aka bi.

Baba Ɗan Fansho: Ku yara kuna da ɗaga hankali. Amurka daban, Katsina daban. Wane ɗan dandatsa ne zai bar bankunan duniya ya zo yana leƙen atamfar Alhaji?

'Yar Daura: Baba, da mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai kai wa hari, da maganarka ta zauna. Manhaja ce ke yawo dare da rana tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet, ba ta san Katsina ba balle Landan. Wadda ta fi suna ita ce Mirai, ta 2016. Dabararta ba ta da zurfi ko kaɗan: an ba ta jerin suna da kalmar sirri kusan 60 irin waɗanda na'urori ke fitowa da su daga kamfani, su admin da admin, su 12345. Ta gwada a kan kyamara ko akwatin naɗar hoto ko na'urar wayifai, in ya buɗe ta shige, ta mayar da na'urar sojanta, ita ma ta shiga neman wasu. Da haka ta tara dubban ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka tura dubban na'urorin da ta kama kan kamfanin Dyn, mai nuna wa kwamfutoci hanyar shafuka, sai ga Twitter da Netflix da wasu manya sun ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka. Samari uku ne suka rubuta ta, kuma sun amsa laifinsu a kotu a ƙarshen 2017. Rigimar tasu ma a kan sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan Minecraft, ta faro.

In kuma an ce can nesa ne, ga Laberiya nan a yankinmu. A ƙarshen 2016 aka yi amfani da wani nau'in Mirai aka danne kamfanin waya na Lonestar har intanet ta riƙa ɗaukewa a ƙasar. Wani ɗan Ingila, Daniel Kaye, aka ɗauka haya ya yi aikin, kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Masu kyamarorin da aka yi yaƙin da su ba su ma sani ba. Ƙila dai sun ga data na saurin ƙarewa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Wato kyamarar Alhaji tana iya zuwa yaƙi Laberiya da datarsa, ta dawo da asuba ta ci gaba da gadin shadda.

Baba Ɗan Fansho: To ni dai kwaɗo da ɗan makulli ba su taɓa cin mani data ba.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Hajiya Injiniya a nan zan ja da ke. Yawancin masu kyamara a garin nan da layin waya suke haɗawa, ɗan akwatin wayifai mai sim. Kamfanonin waya kuwa suna tara mutane da yawa bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da maigadi. Na waje ba ya iya ƙwanƙwasa ɗakinka kai tsaye. Na sha gwada shiga akwatin naɗa daga waje ta adireshi, ba ya yiwuwa. To ta ina Mirai ɗin za ta shigo?

'Yar Daura: Wannan gaskiya ne Yaya, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Irin ƙwanƙwasar Mirai ta farko tana wahalar isa ga na'urar da ke bayan layin waya. Amma ka tambayi kanka, in na waje ba ya iya shiga, ta yaya Alhaji ke ganin shago daga Makka? Kyamarar ce ke fita da kanta. Da ka kunna ta take kiran sabar kamfaninta, wato babbar kwamfutarsa, ta ce ga ni, lambata kaza. Wayar Alhaji ma ta kira sabar ta ce haɗa ni da lamba kaza. Lambar nan ita ce wadda ke manne a jikin akwatin, wadda kuke ɗauka da kyamarar waya. To maigadin gidan hayar ba ya hana ɗan haya fita ya shigo da baƙo.

Matsalar, masu bincike sun nuna cewa a wasu kyamarori masu araha lambobin nan a jere suke ko ana iya hasashensu. Mutum ya zauna ya yi ta gwada lamba bayan lamba, duk wadda ya tarar ba a canza kalmar sirrinta ba, ko an bar ta fanko, ya shiga. A 2019 an fallasa irin wannan a wani tsarin haɗi mai suna iLnkP2P da ke cikin na'urori sama da miliyan 2. Kuma kamfani ɗaya kan ƙera cikin na'urar, wasu su saya su buga sunansu a kwali, don haka sunan da ke kan kyamararka ba ya gaya maka ko tana ciki.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Wannan na lambar jikin akwati ban musa ba. Har hotonta mutane ke turo mani a WhatsApp.

Mai Kurkura Takwas: Ku bar ta kyamara, ku zo kan tiraka. Kurkurata takwas duk na sa masu, saƙon tes nake turawa ta gaya mani inda take, in na so in kashe injin daga nan. Ita ma akwai abin tsoro?

Malam Mai Lissafi: A saƙon da kake turawa akwai lamba shida a ciki?

Mai Kurkura Takwas: Akwai. 123456.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ka ga yanzu mu 200 da ke zauren nan duk mun zama masu kurkura.

Malam Mai Lissafi: Goge saƙon nan tukuna, Alhaji, sannan ka canza ta yau. Lambar da ta fito da ita ke nan daga kamfani. A 2019 kamfanin Avast ya gano tiraka kusan 600,000 da ke aiki da wannan lambar dai. Duk wanda ya san lambar sim ɗin da ke cikin tirakarka, kuma direbobinka da wanda ya ɗaura sun sani, zai iya tambayarta inda take, ko ya kashe inji yaro na tsakiyar titi da fasinja. Sannan ka duba da sunan wa aka yi wa sim ɗin rajista. In da NIN ɗin mai ɗaurawa ne, ran da layin ya samu matsala shi kaɗai zai iya karɓo shi. Kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani.

Mai Kurkura Takwas: Na goge. Sim ɗin kam ban san da sunan wa yake ba. Ni abin da ya taɓa ƙona mani rai shi ne 2021, da aka katse layukan waya a su Jibiya da Batsari saboda matsalar tsaro. Motata ta shiga can, tiraka ta zama dutse.

Baba Ɗan Fansho: Kun ji ko. Abin da ba ya aiki sai da sabis.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata, me ya sa ba za a yi su kamar manhajar banki ba? Banki sai ya turo lamba, sai yatsa, wani lokaci har fuska. Me ya hana kyamara?

'Yar Daura: Anti, wannan ita ce ainihin wahalar. Wayarki tana da allo da wurin danna lamba, tana da ƙwaƙwalwa mai ƙarfi, kuma ana sabunta manhajarta a kai a kai. Ƙwan fitila mai wayifai ko ɗan abin da ake maƙala wa inbata ba shi da allo balle madannai, ƙwaƙwalwarsa 'yar mitsitsiya ce, an matse kuɗin ƙera shi har ƙarshe. Wasu da batiri suke aiki, lissafin ɓoye bayanai kuwa yana cin wuta. Ga shi ana ɗaura abu a manta da shi shekara bakwai, kamfanin ya daina aiko gyara ko ma ya rufe.

Kuma tantancewar ba gefe ɗaya ba ce. Mu muna tunanin na'ura ta gane mu. Ita ma dole ta gane cewa sabar da take magana da ita ta kamfaninta ce, ba wani ne ya tsaya a tsakiya ya yi shigar burtu ba. Dole in an aiko mata da sabuwar manhaja ta duba sa hannun kamfani kafin ta karɓa, in ba haka ba kowa na iya ɗura mata abin da ya ga dama. Ana yin wannan da takardar shaida ta lantarki, ita kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na'urar da ba ta da batirin agogo, in aka ɗauke wuta sai ta farka ba ta san ranar da ake ciki ba, sai ta tambayo a intanet. Ku lissafa sau nawa ake ɗauke mana wuta a yini. Masu ƙera na kirki sun san yadda suke magance wannan, masu gaggawa kuwa wasu cire binciken suke yi gaba ɗaya don kada mai saye ya ce abu ba ya aiki.

Amma manhajar wayar da ake kallo da ita, da yawa suna da tabbatarwa mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an turo lamba kamar ta banki, ba a kunnawa ne kawai. Kamfanin Ring mai ƙera kyamarori ma sai da aka shiga kyamarorin ɗakunan yara a Amurka a ƙarshen 2019, baƙi suna yi wa yara magana ta ciki, sannan ya wajabta ta a farkon 2020.

Maman 'Yan Biyu: Ta ɗakin yara yanzu na zare ta daga soket.

Malam Mai Lissafi: Don kada a ce duk ƙaramar na'ura ba ta iya tsaro, ku dubi mitar wuta ta kati da KEDCO ke sa mana. Ba ta buƙatar intanet, amma ba ta yarda da kowa. Lambobi 20 ɗin da kake saye an ɗaure su da makullin mitarka ita kaɗai, shi ya sa katin maƙwabci ba ya shiga taka. A cikinsu kuma akwai lokacin da aka sayar, ana ƙirga shi da minti tun daga 1 ga Janairu 1993, mita tana tuna waɗanda ta karɓa don kada a sa kati ɗaya sau biyu. Wurin ajiye ƙirgar yana ɗaukar minti 16,777,216 ne kawai, wato shekara 32 saura kaɗan, ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Dalilin da ya sa aka yi ta sanarwa a rediyo a karɓi lambobi biyu na canjin makulli a danna ke nan. Abin da ke burge ni, tun a zane aka tanadi hanyar canza makulli. Kyamarori da yawa ba a yi masu wannan tunanin ba.

Baba Ɗan Fansho: Ashe wahalar da na sha a layi ranar nan lissafi ne ya cika. Na ɗauka sabuwar hanyar ƙarin kuɗi ce.

Ɗan Ƙofar Marusa: Baba wannan ma ba a cire rai ba.

Alhaji Mai Atamfa: Hukuma ba ta da ta cewa a kan masu shigo da kayan nan?

'Yar Daura: A Ingila tun 29 ga Afrilu 2024 doka ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai-ɗaya mai sauƙin hasashe, kuma dole kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa aiko gyara. Jihar Kalifoniya ta fara irin wannan tun Janairun 2020. Mu nan muna da dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta shiga na'urar wani ba izini, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai Baba, a maganar yaronka, kai ka ba shi lambar da hannunka, ka sallame shi ba ka canza ba. Ni da zan ba da shawara, a bar maganar hukuma, a gyara ƙofa.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Kuma kayan da aka hana a can, ina kuke jin ake juyo da su?

Malam Mai Lissafi: Wannan zato ne ƙanena, amma ba zan rantse a kan akasinsa ba.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: To ga abin da zan iya yi, don na ga an taru a kaina. Daga yau asusu da lambar mai gida zan buɗe, a wayarsa, shi zai danna kalmar sirri ina juya baya. Ya rubuta ta a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardar fili. Yaran shago a ba kowa nasa ta hanyar rabawa da ke cikin manhajar, kallo kawai, ran da ya tafi a cire shi shi kaɗai. In ana son gyara a ƙara ni, in na gama a cire ni. Amma duk wanda ya manta ya kira ni da dare, kuɗin zuwa daban.

'Yar Daura: Na yarda da kuɗin zuwa. Ƙara ɗaya Yaya: wayifai ɗin da kyamara da POS ke kai kada ya zama shi ake ba kwastoma da maƙwabtan shago. Yawancin akwatunan suna da layin baƙi, a kunna masu shi.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Ƙananan na aljihu ba duka ke da shi ba.

'Yar Daura: To a daina ba kowa.

Maman 'Yan Biyu: Malam, su 40 ɗin da ke wayarka fa? Na gaba ka faɗa, ba ka faɗi na baya ba.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Hajiya sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma sun sayar da gidan.

Maman 'Yan Biyu: Wato akwai wanda ya sayi gida yana zaune da iyalinsa, kyamarar tana wayarka da ta tsohon mai gidan.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Biyu na sani. Gobe zan fara da su.

Alhaji Mai Atamfa: Salam jama'a, ina kwananku. Ga inda aka kwana. Da safe ɗana ya danna ɗan maɓallin bayan akwatin ya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, muka buɗe sabon asusu da lambata. Da muka zo haɗawa sai manhajar ta ce na'urar tana ɗaure da wani asusu, sai mai shi ya sake ta. Na kira wanda ya yi aikin, layinsa a kashe, an ce ya koma Abuja tun bara.

'Yar Daura: Lafiya lau Baba. Haka da yawansu suke, ɗaurin a sabar kamfani yake, maɓallin baya ba ya kwance shi. An yi haka ne don ɓarawon da ya saci akwati kada ya mora. Wasu ana iya kwancewa daga allon da ke haɗe da akwatin in an shiga da babbar kalmar sirri, wasu sai an tura wa dillalin kamfanin hoton lambar jiki da shaidar saye. Kafin nan a zare wayar intanet daga bayan akwatin. Zai ci gaba da naɗa a shago, daga waje ne kawai ba mai gani, har kai.

Mai Haɗa Sola da Kyamara: Alhaji zan biyo bayan La'asar in duba wace iri ce. A nemo mani kwalin da rasit in suna nan.

Alhaji Mai Atamfa: Rasit yana nan, shi ne mai lambar a baya. Kwali kam an daɗe da zuba ƙyallaye a ciki, sai an duba. Ɗana ya rasa wace ce wayar intanet a cikin wayoyin, don haka na sa ya hau kujera ya kifa wa ta saman teburin kuɗi hula. Layi na uku ne daga ƙofar gabas, in ka iso ka kira.